Nektai ɗin da Billa Ta Yanke

Kolon, 9 ga Janairu

Gwaggo Billa,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan gwiwar nan taki ta daina yi miki tsiya, kuma sanyin Winnipeg bai hana ki leƙen maƙwabta ta taga ba. Ni lafiyata ƙalau, sai 'yar mura da na kwaso a ɗakin karatu, ita ma ta kama hanya. Mama ta ce tun da na zo garinku karatu kati ɗaya tak na aiko miki, wai ina jikar ƙanin mijinki guda amma ba ni da kunya. To ga ni, da biro da takarda, tunda kin rantse ba za ki taɓa karanta saƙo a waya ba.

Maganar Karnabal ce ta kawo ni, bikin nan naku na shigar ban dariya da jerin gwano. Jarrabawar haɗa magunguna na gabanmu, amma duk gidan nan babu mai zancenta. Svenja, wadda muke haya tare, 'yar garin nan ce, tun watan jiya take ɗinka wa kanta shigar kwaɗo. Baran, abokin karatunmu, ya ce shi kwalbar maganin tari zai zama. Ni kuwa da na ce rigar ruwa kawai zan sa in tsaya gefe in yi kallo, Svenja ta dube ni kamar na zagi kakarta. Ta ce, "A nan ba a kallo, yarinya. Ko ki shiga, ko ki hau jirgi ki bar mana garinmu."

To ke da aka haifa a cikinsa, me zan sa, a ina zan tsaya? Sannan akwai wani naki da ya rage a garin? Mama ta ce tana jin kina da ƙane, amma ba ta taɓa jin sunansa a bakinki ba.

Taki,
Tamsin

Winnipeg, 22 ga Janairu

Ja'ira Tamsin,

Takardarki ta iso, na ji daɗi, ko da yake rubutunki sai da na ɗauko tabarau na biyu. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta, ba ta fi ba ba ta ragu ba. Dusar ƙanƙara ta kai bakin taga, don haka maƙwabta sun huta da ni. Ki sha shayi da zuma saboda murar, kada ki biye wa abin da ake koya muku a makaranta.

Svenja ta yi gaskiya, kuma ina sonta tun ban gan ta ba. Rigar ruwa! Allah ya sawwaƙe. Ki samo tsohuwar kwat, ki yayyanka duk tsummokaran gidanku ƙanana ƙanana, ki ɗinke su a kanta har a daina ganin kwat ɗin, ki shafa ja a hanci. Haka uwarmu ta yi mana, kuma babu shigar da ta fi ta ɗumi. Ki sa safa biyu. Ranar Litinin ta babban jerin gwano ki ci miyar wake ki ƙoshi kafin ki fita, don awa biyar za ki yi a tsaye. Ki tafi da laima, ba don ruwa ba, juya ta za ki yi ta kalli sama, alewa da cakulan su riƙa zubowa a ciki. In aka jefo miki ɗan ƙullin fure, sai ki biya da sumba a kunci, ba a cin furen mutane a banza. Ihunmu Alaaf ne. In kika yi irin na mutanen Düsseldorf, garin da muke hamayya da shi, kada ki ce kin san ni.

Wurin tsayawa kuwa ɗaya ne: kwanar da ke gaban tsohon gidan burodi, bayan ƙofar gari ta kudu, inda titi ya matse, motocin ado suke rage gudu. Nan gidanmu suke tsayawa tun ina kan kafaɗar babana. Alhamis ɗin da ke zuwa kafin Litinin ɗin kuma ki zauna a ɗaki ki yi karatunki, babu abin gani.

Batun ƙane, i, ina da shi, sunansa Mattes. Kada ki neme shi. Ba ruwanki da layin da ke bayan cocin unguwa, gida na goma sha huɗu, mai koriyar ƙofa. Ba ruwanki da mashayar da ke bakin layin, inda yake zama a teburin kusurwa kusa da abin ɗumama ɗaki. Wata tsohuwar ƙawata ta rubuto mini cewa bana ne hawansa na ƙarshe a motar ƙungiyar unguwarmu, wai ƙafa ta soma ba shi wahala, amma wannan ma ba abin da ya dame ni ba ne. In kuma tsautsayi ya sa kin hango shi, ki duba mini ko ya rame.

Gwaggonki,
Billa

Kolon, 2 ga Fabrairu

Gwaggo Billa,

Ina fatan kina lafiya. Mura ta warke, yatsuna ne yanzu duk hujin allura, kwat ta kusa rufuwa. Har tsohon labulen kicin ya shiga ciki.

Na karanta wa Svenja wasiƙarki, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce ba ta taɓa jin an hana mutum zuwa wani wuri ba, sannan a ba shi lambar gida da launin ƙofa da kujerar da za a samu mutumin a kai. Na gane, Gwaggo. Ba sai kin roƙe ni ba, zan je.

Kuma ashe ɓoye mini Alhamis kika yi don kada in ji daɗi. Svenja ta ce ranar ta mata ce, daga ƙarfe sha ɗaya da minti sha ɗaya gari a hannunmu yake. Duk namijin da ya yi gangancin fitowa da nektai a wuya, a datse shi da almakashi, a biya shi da sumba, ko da shugabansa na ofis ne a gabansa. Ta ce ranar kowa na cikin raha, babu lokacin da ya fi dacewa a gaida tsoho. Na riga na sayi almakashi sabo fil.

Taki,
Tamsin

Winnipeg, 11 ga Fabrairu

Tamsin,

Ina lafiya. Jiya na karanta takardarki. Kada ki je ranar Alhamis. Ki je Juma'a, ki je Asabar, ki je da fanke a hannu, amma kada ki doshi Mattes da almakashi. Laifina ne da ban faɗa miki ba, kunya ce ta hana ni.

Babanmu direban jirgin ƙasa na cikin gari ne, ya rasu Mattes na da shekara tara. Abin kirki ɗaya da ya bari shi ne nektai ɗin aurensa, ruwan ƙasa mai ratsin kore, uwarmu na ajiye shi a cikin takarda a ƙasan akwati. Ina da ashirin da huɗu, Mattes na da ashirin da ɗaya, sai ga shi ranar Alhamis ɗin mata ya shigo mashayar nan da wannan nektai a wuyansa, fuska a murtuke, wai yana da magana da ni. Ni kuwa ina tsakiyar ƙawayena, muna waƙa, almakashi na hannuna, agogo ya buga. Ban ma duba ko wane nektai ba ne, Tamsin. Na kama, na datse, kowa ya kwashe da dariya. Na matso in yi masa sumbar da ake yi, ya ture ni har na bugi tebur, ya daka wata tsawar da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba, ya fice.

Ni na ce, wane ɗan Kolon ne mai hankali ke ɗaura abu mai daraja a wuya a wannan rana? Shi ya ce na yanka ubanmu a gaban jama'a. Watanni huɗu muna gida ɗaya ba ma magana, har na taho Kanada na auri Gordon. Bai rako ni tasha ba. Da uwarmu ta rasu, wayar minti biyu muka yi. Shekara hamsin da ɗaya ke nan.

Guntun da na yanke yana nan a gwangwanin zarena. Kuma tunda na soma faɗin gaskiya bari in ƙarasa. Shekarata saba'in da biyar, ina so in ga garinmu sau ɗaya kafin ƙafa ta ƙi ni gaba ɗaya, amma ba zan je in kwana a otal kamar baƙuwa ba alhali ƙanena na da ƙofa. Na sa rai za ki lallaɓa ki gwada mini shi, ki ji ko zai buɗe. In kika taɓa masa nektai, shi ke nan, ya rufe har abada.

Allah ya sa wannan takarda ta riga ki.

Billa

Kolon, Juma'a, 17 ga Fabrairu

Gwaggo,

Lafiyar jiki dai akwai. Takardarki ta iso yau da safe. Jiya ce Alhamis.

Ban san ta inda zan fara ba, don haka zan faɗa yadda ya faru. Mun isa mashayar da wuri, ni da Svenja da Baran, wuri ya cika maƙil, ana waƙa ana rausaya hannu cikin hannu. Da lokaci ya yi aka shiga datse-datse, matar da ke da wurin tana rataye guntayen a igiya a saman teburin sayar da abin sha. Baran ma da gangan ya ɗauro wani mummunan nektai mai hoton agwagi, mata uku suka yi rububinsa. Can sai na hango tsoho ɗaya a teburin kusurwa, shi kaɗai, da nektai rawaya cikakke har cibiya, babu wadda ta je kusa da shi. Hancinku iri ɗaya ne, ban ma tambaya ba. Na ce a raina, wayyo, an manta da bawan Allah. Svenja daga ƙetaren kogin da ya raba garin take, ba ta san komai na unguwar ba, ita ce ma ta tura ni.

Na je na datse. Na yi masa sumba a kunci. Kuma don in ƙara wa abin armashi na ce, "Gwaggo Billa ce ta aiko ni."

Mai kiɗan akodiyan ne ya fara tsayawa, sannan kowa. Mattes ya shafa guntun da ya rage a wuyansa, ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Tana da rai?" Na ce, "Tana nan, har da faɗa." Ya ce, "Ba mamaki." Ya ɗauki hularsa da sandarsa ya fita, mutane na dare masa hanya.

Matar mashayar ta jawo ni gefe ta ce, "'Yar nan, daga wace duniya kika faɗo? Tun zamanin uwata yake zuwa duk shekara da nektai ya zauna a nan, kuma babu macen da ta isa ta taɓa shi. Kowa ya sani."

Na je gidan yau da fanke, na ƙwanƙwasa sau uku. Labule ya motsa, ƙofa ba ta motsa ba. Na ajiye fanken a bakin ƙofa, da 'yar takarda mai adireshina. Gwaggo, na ɓata miki abin da kika shekara hamsin kina lallaɓawa, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Ki yafe mini. Kin ce in duba ko ya rame: bai rame ba, yana da tumbi.

Tamsin

Kolon, Talata, 21 ga Fabrairu

Gwaggo Billa,

Na san ta Juma'a ma ba ta iso ki ba tukuna, to in sun zo tare, wannan za ki fara buɗewa. Ina lafiya, murya ce kawai babu, ƙafafuna kuma kamar na aro su.

Na so in ƙi fita jiya. Svenja ta yaye mini bargo ta ce ba a zaman makoki ranar Litinin ɗin nan, Larabar toka, ranar da biki ke ƙarewa, aka tanada domin wannan. Ta ɗauki guntun nektai rawayan da na yanko wa Mattes ta maƙala mini a hula da fil. Na ce cire, ta ce, "Kin riga kin yi, ki yi da ƙarfinki." Muka sha miyar wake, na sa safa biyu, muka je kwanarki. Gidan burodin yanzu shagon gyaran waya ne, amma titin na nan a matse.

Gwaggo, me ya sa ba ki taɓa faɗa mini haka abin yake ba? Masu ganguna da kakaki rukuni bayan rukuni, 'yan mata ana cilla su sama ana cafewa, motoci masu tsayin bene, alewa na zuba kamar ƙanƙara. Wata tsohuwa da ban sani ba ta saƙala hannunta a nawa awa biyu, ta koya mini waƙoƙi huɗu, ta kuma sace mini cakulan biyu daga laima ina kallo. Baran a cikin kwalbarsa ba ya iya sunkuyawa, sai dai abu ya faɗo masa a ka ya gangara, yara su kwashe. Svenja ta samu fure bakwai, ta biya duka. Na yi ihun Alaaf har na manta ina cikin damuwa.

Wajen ƙarfe uku motar unguwarku ta shigo kwanar. Mattes na can sama, da hula mai gashin tsuntsu, an ɗaure masa kujera amma ya ƙi zama. Kowa na jifa hagu da dama, shi kuwa idonsa na wurinmu kawai, kamar mai neman wani. Tsohuwar nan ta ce, "Haka yake yi duk shekara a nan, ko me ya yar oho." Na so in ɓuya a bayan Baran. Sai ya ga rawayan a hulata. Ya nuno ni da sanda ya ce, "Ke, mai almakashi. Buɗe laimarki."

Ya sa hannu a cikin rigarsa, ba a buhun da ake ɗiba ba, ya ciro ƙullin fure ya jefo. Wani dogon mutum mai shigar ɗan sama jannati ya miƙa hannu zai cafe, Baran ya yi kansa da kwalba gaba ɗaya, su biyu suka zube, furen ya faɗa a laimata. Ba da zare aka ɗaure shi ba, Gwaggo. Da tsohon ƙyalle ne, ruwan ƙasa mai ratsin kore, gefe ɗaya a yanke a karkace.

Na tuna ƙa'idarki, na sumbaci hannuna na hura masa. Ya girgiza kai, ya nuna kuncinsa ya ce, "Taki na karɓa tun Alhamis. Ki ce mata tata ce ba ta iso ba." Motar ta wuce. Na tsaya ina kuka da jan hanci, tsohuwar na share mini fuska da hannun rigarta tana cewa in daina, ga wata motar nan tafe.

Ƙyallen na cikin ambulan ɗin nan. Furen ba zai jure tafiya ba, na sa shi a kofi. Yau da safe kuma Mattes ya aiko a karɓar masa adireshinki, tare da farantin fankena, a wanke.

Taki,
Tamsin

Kolon, Larabar toka, 22 ga Fabrairu

Billa,

Ina lafiya, ban da ƙafa. An ce taki gwiwa ce. Gadon uwarmu ne.

Ban iya doguwar takarda ba. Ranar nan ba mantuwa na yi ba, na san ko wace rana ce. Da daddaren Laraba na ga tikitinki na Kanada a gwangwanin sukari. Na ɗaura nektai ɗin Baba don in tsaya a gabanki a matsayin namijin gida in ce ba za ki tafi ki bar mu ba. Kafin in buɗe baki kin datse namijin gidan, mutane na dariya. Ya fi mini sauƙi in yi fushi a kan ƙyalle da in ce kada ki tafi, zan yi kewarki. Na kuwa yi.

Shekarar da ta biyo baya na sayi nektai mai arha na je na zauna, don a yanke a wuce wurin. Matan unguwa suka ji tsorona. Haka na yi ta zuwa. Guda hamsin ne a durowa, duk lafiyarsu lau, babu wadda ta taɓa sumbatata a wannan rana sai 'yar Kanadan nan taki. Hannunta ya fi naki daidai.

Ɗakin Mama na nan. Akwai matakala goma sha ɗaya, na sa an kafa abin riƙewa.

Mattes

Winnipeg, 6 ga Maris

Mattes, sakaran banza,

Gwiwa da sauƙi. Takardu uku suka zo mini rana ɗaya, na bi su da tsari don ban san an ce in tsallake ba, na kusa mutuwa a ta farko.

Na shimfiɗa guntayen nektai ɗin biyu a teburin kicin, sun haɗu, sai dai nawa ya fi naka haske don ni nakan fito da shi in duba. Yankan ba karkatacce ba ne, kai ne ka motsa. Da ka ce kada in tafi, da na tafi duk da haka, amma da na riƙa rubuto maka duk mako har ka gaji da ni.

Ba zan jira Karnabal na baɗi ba, a shekarunmu ba a irin wannan ganganci. Ina zuwa ranar tara ga Mayu, Tamsin za ta ɗauko ni. Ka zo tasha wannan karon. Ka ɗauro ɗaya daga cikin hamsin ɗin, mafi muni, kuma ka aske gemu, don ba zan sumbaci ƙaya ba.

Yayarka,
Billa